Cajin mota a gida ko shan fetur: Lissafin da na yi wa ƙanina a Nima

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ƙanina ya tare ni a ƙofar gida, waya a hannu, bakinsa har kunne. Ya miƙo mini hoton wata farar mota ƙirar Nissan Leaf da aka shigo da ita daga Amurka.

"Yaya, duba nan. Ko ɗigon mai ba ta sha. Ka jona ta a bango kamar waya, gari ya waye ka kama hanya."

Shekara huɗu ke nan yana aikin Bolt da Uber a Akra da 'yar Toyota Vitz ɗinsa. Ya riga ya gama tsara komai a kansa: zai sayar da Vitz, ya haɗa da kwasar adashensa da ke tafe nan da wata biyu, sauran kuma Mma za ta cika masa daga abin da ta tara na sayar da waakye shekara da shekaru. Da na ji an ambaci kuɗin Mma, sai na ce masa ya dakata. Ban hana shi ba. Na dai ce ya ba ni sati biyu mu zauna da biro da takarda.

Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Duk direban da ya ga ƙarshen shekarar 2022, lokacin da litar fetur ta kusan kai sidi 18, dizal kuma ya haura sidi 23, ya san abin da ake kira aiki don gidan mai. Na sha ganinsa ya dawo cikin dare yana ƙirga ciniki, ya ware na mai, ya ware na kamfani, abin da ya rage a hannunsa bai taka kara ya karya ba.

Ga yadda lissafin namu ya kasance. Na kawo shi nan ne saboda na san ba ƙanina kaɗai ke wannan tunani ba a zangunanmu.

Lita nawa, yunit nawa?

Da farko sai mun san abin da kowace mota take ci. Ƙaramar motar fetur a cunkoson Akra, da na'urar sanyi a kunne, takan sha tsakanin lita 8 zuwa 10 a kilomita 100. Muka ɗauki lita 9.

Ita motar lantarki da yunit ake auna cinta, irin yunit ɗin da muke saye a mitar gida. Yunit ɗaya shi ne wutar da dutsen guga mai ƙarfin wat 1,000 zai ja idan ya yi awa guda a kunne. Mota kamar Leaf takan ci yunit 15 zuwa 18 a kilomita 100. Sai dai ba duk wutar da ta bar mita ce ke shiga batir ba. Kusan kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari yakan salwanta a matsayin zafi yayin caji, kuma kai za ka biya shi. Saboda haka muka rubuta yunit 20.

Farashi yana canzawa, don haka muka ɗauki alƙaluma masu sauƙin lissafi: lita sidi 13, yunit sidi 2 da rabi. Mai karatu ya cire namu ya sa wanda ke kan rasit ɗinsa na yau.

Tafiyar kilomita 100 da fetur: lita 9 sau 13, sidi 117.

Tafiyar kilomita 100 da wutar gida: yunit 20 sau 2 da rabi, sidi 50.

Ƙanina yana yin kusan kilomita 150 a rana, kwana 26 a wata, wato kilomita 3,900. Da fetur zai sha lita 351, kuɗinsu sidi 4,563. Da lantarki zai ja yunit 780, kuɗinsu sidi 1,950. Rarar ta haura sidi 2,600 a kowane wata.

Da ya ga haka sai ya buga cinya. "Ka gani ko, Yaya? Ai na gaya maka!"

A nan kam gaskiyarsa ce, kuma akwai dalili. Litar fetur tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kusan yunit 9, amma injin mota a cikin gari yakan zubar da kusan kashi uku cikin huɗu nasa ta hanyar zafi da hayaƙi. Injin lantarki kuwa yawancin abin da aka ba shi yana isa ga taya. Idan ta tsaya a cunkoson Circle ko na Lapaz, ba ta cin komai sai na sanyaya ciki, kuma duk lokacin da direba ya ɗaga ƙafa, tana maida ɗan abin da ta samu cikin batir. Ga wata 'yar ƙa'ida da za a iya riƙewa a ka: aikin lita ɗaya, yunit biyu da ɗan ɗori ke yin sa. A lissafinmu, sai yunit ya kusan kai sidi 6 kafin kuɗin biyun su zo daidai.

Ƙari a kan haka, babu juyen baƙin mai, babu filogi, babu matatar mai, birki ma yana daɗewa. Taya ce dai ke saurin cinyewa saboda nauyin batir.

Gidan Alhaji a Adenta

Gani ya kori ji. Akwai wani abokin marigayi mahaifinmu a Adenta da ke da irin motar, sai muka je gaishe shi. Gidan kansa ne, da katanga da get, mitarsa shi kaɗai. Ya kai mu inda motar ke kwana, ya nuna mana wani ɗan akwati da aka kafa a bango, da waya mai kauri da aka ja masa kai tsaye daga allon rarraba wutar gidan.

Na ce, "Baba, ya kuke ganin kuɗin wutar?"

Ya yi dariya. "Ɗana, rabon da in tsaya a gidan mai har na manta. Amma fa ni ba na zuwa ko'ina. Daga gida sai shago, sai masallaci, sai biki ko jana'iza. Sau biyu nake jona ta a sati."

Sai ya juya wajen ƙanina. "Kai ina za ka riƙa ajiye ta?"

Ƙanina ya yi shiru. Tambayar da ba mu yi wa kanmu ba ke nan. Duk lissafin da muka yi a kan wutar gida ne, alhali gidan da ake magana a kai ba irin namu ba ne.

Mita ɗaya, ɗaki goma sha ɗaya

Gidan da ƙanina ke haya a Nima gidan taro ne, ɗaki 11, mita ɗaya. Mota ba ta shiga lungunsu. Vitz ɗinsa a bakin titi take kwana, tafiyar minti biyar daga ɗakinsa, yana biyan mai gadi. Ko da zai ja waya daga taga, sai ta tsallake kwata da ƙofar gidaje uku.

Mu ɗauka ma an samu wurin ajiyewa. Saura maganar mita. Wanda ya zauna gidan haya ya san yadda ake raba kuɗin wuta: a ƙirga ƙwan fitila, fanka, firji, talabijin, kowa ya biya gwargwadon kayansa. A kan dutsen guga kaɗai an sha yin faɗa har gaban mai gida. To ina ga abin da zai ja yunit 780 a wata?

Kuma farashin wutar gidaje a Gana hawa-hawa ne. Hukumar PURC ta ware farashi mai rangwame ga gidan da bai wuce yunit 30 a wata ba, sannan akwai na tsakiya har zuwa yunit 300, daga 301 zuwa sama kuma yunit ya fi tsada. Mita ba ta san wane ne ya ja wuta ba, jimilla take gani. Mota ɗaya za ta iya sa yawancin wutar gidan ta faɗa a hawa mafi tsada, ta yadda tsohuwar da ke da ƙwan fitila ɗaya da fanka za ta riƙa taya mai mota biyan kuɗin tafiyarsa ba ta sani ba. Wannan shiga haƙƙin maƙwabci ne, ko da an yi shi ba da niyya ba.

Wani abokin ƙanina ya ba shi shawarar a yi masa jonin bayan mita. Na ce masa kada ma ya sake kawo mini wannan magana. Sata ce, hukunci ne idan aka kama, kuma irin wannan joni shi ke tayar da gobara a unguwannin da motar kashe wuta ba ta iya shiga.

Mafita ɗaya ce: mitar kansa daga ECG, ko NEDCo ga 'yan'uwanmu na Tamale da sauran arewa. Wannan kuma sai da yardar mai gida, da kuɗin nema, da na mai aikin wuta mai lasisi.

Dare bai isa ba

Abu na biyu da lissafin farko ya ɓoye shi ne lokaci. Soket ɗin gidajenmu mai baki uku, wanda aka yi wa iyakar amfiya 13, abin da za a iya ja daga cikinsa cikin aminci na tsawon awanni bai wuce yunit biyu da 'yan kai a awa ba. Ƙanina yana buƙatar yunit 30 kowace rana. Wato kusan awa 13 a jone.

Shi kuwa yakan dawo wajen ƙarfe goma na dare, ya fita bayan sallar Asuba don ya kama masu zuwa aiki da masu zuwa filin jirgi. Awa bakwai ke nan. Abin da zai samu bai wuce na kilomita 80 ba, rabin aikin yini.

Akwatin bango irin na Alhaji yana ba da kusan yunit 7 a awa, ya gama aikin cikin awa huɗu zuwa biyar. Amma yana jan wajen amfiya 32, kuma wayoyin yawancin tsofaffin gidajen zango ba za su ɗauka ba. Sai an ja sabuwar waya, an sa makashin kariya, an binne ƙarfen da ke kai wuta ƙasa. Duk wannan kuɗi ne da ya kamata a ɗora a kan farashin motar tun kafin a saya. Mai sayen motar Amurka kuma ya duba wayar cajin da ta zo da ita, don wasunsu na wuta mai ƙarfin bolt 120 ne, namu kuwa 230 ne.

Akwai wuraren caji na kuɗi a Akra, a wasu gidajen mai da manyan kantuna, amma ba su da yawa, kuma farashinsu ya fi na gida. Bakin jonin ma ba iri ɗaya ba ne: na Leaf daban, na motocin Turai daban, na waɗanda aka ƙera don kasuwar ƙasar Sin daban. Direban da zai dogara da su zai ga rarar tasa ta ragu, ga zaman jira a lokacin da ya kamata yana ɗaukar fasinja.

Ranar da aka ɗauke wuta

Ba wanda ya manta dumsor na shekarun 2012 zuwa 2016. Ko yanzu da abin ya yi sauƙi, akan kwana babu wuta. Ga Alhaji wannan ba komai ba ne, batirinsa zai kai shi kwana uku. Ga direban haya, daren da babu wuta yana nufin yinin da babu ciniki.

Ƙanina ya ce ai sai ya sayi janareto. Muka sake ɗaukar biro. Ƙaramin janareton fetur yakan ba da kamar yunit 2 a kowace lita. Yunit 20 na tafiyar kilomita 100 zai ci wajen lita 10. Vitz ɗinsa lita 9 take sha. Wato zai sayi mota mai tsada don ya guje wa fetur, sannan ya ƙona fetur fiye da da, ga ƙara, ga hayaƙi a tsakar gidan mutane.

Hasken rana fa? A yankin Akra, faranti mai ƙarfin wat 500 yakan ba da kusan yunit 2 a rana. Yunit 30 yana buƙatar faranti wajen 15. A wane rufi za a jera su a gidan haya? Kuma da rana motar tana kan titi, sai an ƙara da batiran ajiya don a yi cajin dare. Ga mai gidan kansa da motarsa ke yini a ajiye, wannan hanya ce mai kyau. Ga ƙanina ba ta taso ba.

Kuɗin saye da lafiyar batir

Arahar tafiya ba ta da amfani sai ta biya tsadar saye. Mu ɗauka motar lantarki da kayan cajinta sun ɗara motar fetur irinta da sidi 60,000. Direba mai rarar sidi 2,600 a wata zai fanshe wannan cikin kusan wata 23. Amma ma'aikacin da ke yin kilomita 30 a rana, wato 900 a wata, feturinsa sidi 1,053 ne, wutarsa sidi 450, rararsa kusan sidi 600. Shi sai ya yi wata 100, fiye da shekara 8. Ka ga abin mamaki: wanda motar ta fi yi wa amfani shi ne mai yawan tafiya, kuma shi ne caji a gida ya fi yi wa wahala. Wanda ke da katanga da mita, sau da yawa tafiyarsa ba ta kai ta biya shi da wuri ba.

Shekara 8 ɗin nan kuwa ita ce tsawon garantin da yawancin kamfanoni ke bai wa batir, ko kilomita 160,000, duk wanda ya riga zuwa. Da wuya garantin ya biyo motar hannu da aka sayo a gwanjon Amurka, balle wadda ta taɓa yin hatsari. Batir shi ne mafi tsada a jikin motar, kuma zafi yana rage masa kwana. Batirin Leaf irin wannan ba shi da ruwan sanyaya shi kamar na wasu motoci, abin dubawa ne a yanayi irin namu. Tana da layuka 12 a gaban direba da ke nuna lafiyar batir. Wanda zai saya ya ƙirga su da idonsa, ya kuma nemi a jona na'urar gwaji.

Leaf mai batirin yunit 40, wadda ta fito a 2018, tana sabuwa tafiyarta kusan kilomita 240 ce. Akra zuwa Kumasi kusan 250 ne. Maganar zuwa Tamale ko Bawku da Sallah kuwa sai an yi shiri na musamman.

Gyara ma abin tambaya ne. A Abossey Okai ko Suame Magazine, babu abin da za ka nema na Vitz ka rasa, kuma kowane fita ya san cikinta. Batirin motar lantarki yana ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt ɗari uku da wani abu, ba abin da yaron gareji zai sa wa sifana ba ne. Masu ƙwarewa a kansa suna ƙaruwa, amma har yanzu sai an nema.

Farashin gobe

Tun 2015 gwamnati ta saki farashin fetur ga kasuwa, ana sake shi duk sati biyu bisa farashin duniya da darajar sidi a kan dala. Wutar lantarki kuwa PURC ke duba farashinta duk wata uku. Don haka kuɗin caji ya fi zama wuri ɗaya, amma shi ma bai tsira daga dala ba. Akosombo da aka gama a 1965, da Kpong da Bui, ba su ne ke ba da yawancin wutarmu a yanzu ba. Fiye da rabi daga tashoshin da ke ƙona iskar gas da mai yake fitowa, irin na Tema da Aboadze.

Wani ɓangare na arahar caji kuma daga haraji yake. Litar fetur tana ɗauke da haraji iri-iri, ciki har da na gyaran hanya. A Yulin 2025 an ƙara sidi ɗaya a kan kowace lita don biyan basukan ɓangaren makamashi. Mai motar lantarki ba ya biyan ko ɗaya a ciki. Idan irin motocin suka yi yawa, gwamnati za ta nemi kuɗin ta wata ƙofa. A Ingila an daɗe ana yafe musu harajin mota na shekara, amma daga Afrilun 2025 suka fara biya.

A yanzu dai gwamnatinmu tana ƙarfafa su ne. An ƙaddamar da manufar ƙasa kan motocin lantarki a taron sauyin yanayi na Dubai a Disambar 2023, kuma kasafin kuɗin 2024 ya yi alkawarin yafe kuɗin fito na shekara 8 ga motocin lantarki na sufurin jama'a da waɗanda za a harhaɗa a cikin gida. Habasha ta yi gaba da mu: a 2024 ta hana shigo da motocin gida masu amfani da mai, saboda tana da wutar madatsun ruwa mai araha, ga ƙarancin dalar sayen mai. Amma ko a can ko a nan, manufa ba za ta kai ga talaka ba sai an yi tunanin mutumin da ke haya a ɗaki ɗaya. Wurin caji mai farashi daidai a tashoshin mota, da kasuwanni, da filayen da motocin unguwa ke kwana, shi zai fi yi wa mutanen Nima, Maamobi, Sabon Zango da Ashaiman amfani fiye da kowace sanarwa.

Inda muka tsaya

Bayan sati biyun, muka zauna a ɗakin Mma da takardun a gabanmu. Na gaya mata gaskiya: yaron nan bai yi ƙarya ba, caji a gida bai kai rabin kuɗin fetur ba. Amma sai mutum ya amsa tambaya huɗu kafin ya fitar da kuɗi. Ina motar za ta kwana? Mitar taka ce kai kaɗai? Awannin da kake gida sun isa su cika abin da kake ci a yini? Batirin saura ƙarfin nawa? A ranar, ƙanina ba shi da amsa mai daɗi ko ɗaya a cikin ukun farko.

Mma ta saurare mu har muka gama, sannan ta dube shi ta ce, "To kai, ka fara neman ɗaki kafin ka nemi mota."

Ransa bai so ba, ya yi kwana biyu ba ya ɗaukar wayata. Amma Vitz tana nan tana aiki, kuɗin Mma suna inda suke. Kwasar adashen da ya yi ya riƙe ta don biyan hayar gaba, kuma yanzu haka yana duba wani ɗaki da falo a wajen Kasoa, mai fili a cikin katanga. Tambayar farko da ya yi wa dillalin ita ce ko mai gidan zai yarda ya sa mitarsa daban. An ce ya dawo ranar Asabar su yi magana.